Tabo Uku a Labarin Rama: Abin da Marubutan Sanskrit Suka Yi da Su

Marubucin wasan kwaikwayo a tsohuwar Indiya, in dai babban wasa yake son rubutawa irin wanda suke kira nataka, ba a ba shi damar ƙago labari daga kansa ba. Littafin Natyashastra, wanda shi ne tushen ƙa'idojin dandamali a harshen Sanskrit, ya gindaya sharaɗin cewa labarin ya kasance sananne, tauraronsa kuma sarki ɗan asali. Saboda haka 'yan kallo kan zo sun riga sun san wanda zai mutu da wanda zai hau gado. Abin da ya kawo su shi ne su ga hannun marubucin: ina ya bi tsohon labari sau da ƙafa, ina ya kauce masa, kuma me ya sa ya kauce. Manyan taskokin da ake ɗibar labari a cikinsu biyu ne, Mahabharata da Ramayana. A kan ta biyun zan tsaya, domin a nan aka fi ganin irin faman da marubuta suka sha da tauraron da ba sa son a ga laifinsa.

Ramayana doguwar waƙa ce mai baiti kusan 24,000 a cikin littattafai bakwai, ana jingina ta ga wani mai zuhudu, Valmiki, wanda Indiyawa ke kira mawaƙin farko. Manazarta sun fi karkata ga cewa gangar jikinta ta haɗu tun ƙarnoni kafin Miladiyya, daga baya aka yi ta ƙara mata, musamman littafi na farko da na bakwai. Dasharatha, sarkin Ayodhya, ya shirya naɗa babban ɗansa Rama magajin gado. Ana gobe biki sai mowarsa Kaikeyi, bisa zugar kuyangarta Manthara, ta nemi ya cika mata alƙawura biyu da ya taɓa ɗauka: a naɗa ɗanta Bharata, Rama kuma ya tafi daji shekara 14. Rama ya tafi da matarsa Sita da ƙanensa Lakshmana, baƙin ciki ya kashe uban. A dajin ne Ravana, sarkin dodannin Lanka, ya sace Sita. Rama ya ƙulla abota da Sugriva na ƙabilar birai, ya kashe masa wansa Vali, suka tara runduna suka ƙetare teku, aka ga bayan Ravana. Sita ta shiga wuta ta fito lafiya don tabbatar da tsarkinta, aka koma gida aka naɗa Rama. A littafi na bakwai kuma, da tsegumin gari ya yi yawa a kan matar da ta zauna a gidan wani, sai Rama ya sa aka kai ta daji aka bar ta tana da juna biyu.

Mabiya addinin Hindu suna ɗaukar Rama a matsayin bayyanar abin bautarsu Vishnu a siffar ɗan Adam, kuma shi ne ma'auninsu na ɗa nagari da sarki adali. To amma labarin da Valmiki ya bari yana da wurare uku da ke ci wa masoyan Rama tuwo a ƙwarya. Uwa a gidan sarauta mafi daraja ta yi sanadin mutuwar mijinta. Jarumin da ake yabo da gaskiya ya laɓe ya harbi Vali yana tsakiyar faɗa da wani. Mijin da ya yi yaƙi saboda matarsa ya kore ta alhali ya san ba ta yi komai ba. Valmiki bai rufe ko ɗaya ba. Har ya bar Vali, yana kwance da kibiya a ƙirji, ya jera wa Rama tambayoyin da masu sharhi suka yi ƙarnoni suna neman yadda za su kare amsarsu.

Malaman adabin Sanskrit sun buɗe wa marubuta ƙofar fita. A wurinsu manufar waƙa ko wasa ita ce rasa, wato ɗanɗanon da ke sauka a zuciyar mai kallo: na soyayya, na jarunta, na tausayi, na ban dariya, har guda takwas a lissafin Natyashastra. Anandavardhana, malamin Kashmir na ƙarni na 9, yana ganin cewa isar da abin da ya faru aikin littafin tarihi ne, mawaƙi kuwa in ya tarar da abin da zai ɓata ɗanɗanon da yake nema, ya halatta ya ajiye shi ya ƙago wanda ya dace. A ƙarshen ƙarni na 10 Dhananjaya, a fadar sarki Munja na Malwa, ya mai da wannan doka a littafinsa Dasharupaka: abin da bai dace da martabar tauraro ba, a cire shi ko a sauya masa kama. Dhanika, wanda ya yi wa littafin sharhi, da ya tashi kawo misali kisan Vali ya kawo. Ashe abin yana damunsu, kuma ba su ji kunyar faɗa ba.

A fara da Kaikeyi. A 1912 wani malami a Trivandrum ta ƙasar Kerala, T. Ganapati Sastri, ya fara buga wasu wasanni 13 da ya samo a rubuce kan ganyen wata irin giginya, ya ce na Bhasa ne, marubucin da Kalidasa ya ambata cikin magabatansa. Har gobe ana muhawara kan ko duka nasa ne. Biyu daga cikinsu a kan Rama suke, Pratima da Abhisheka.

Pratima ya sami sunansa daga kashi na uku, wanda babu shi a wurin Valmiki. Bharata yana gidan kawunsa aka aika masa cewa mahaifinsa ba shi da lafiya, aka ɓoye masa gaskiya. Da ya iso bakin gari sai aka ce ya dakata har sa'a mai kyau ta shiga. Ya ratse wani gini da ya ga an share an yi masa farar ƙasa an watsa furanni, a zatonsa wurin bauta ne. A ciki ya tarar da mutum-mutumi huɗu na dutse. Mai kula da wurin ya gaya masa cewa waɗannan sarakunan Ayodhya ne, ya fara gabatar masa da su ɗaya bayan ɗaya: Dilipa, Raghu, Aja. Bharata ya dubi na huɗun, gabansa ya faɗi, sai ya sa mutumin ya sake lissafo masa su tun daga farko, yana jan lokaci. Sannan ya tambaya ko a nan ana sassaƙa wa mai rai mutum-mutumi. Aka ce a'a, sai wanda ya riga mu gidan gaskiya. Ya yi sallama zai fita don kada ya ji sauran, mutumin ya tare shi da sunan Dasharatha, sarkin da ya ba da ransa da mulkinsa a bakin sadakin mace. Bharata ya yanke jiki ya faɗi.

Irin wannan ƙari shi ne wanda na fi girmamawa. Ƙashin labarin yana nan yadda yake, sai dai an sa mu ji mutuwar uba a jikin ɗan da ba ya nan aka yi ta, kuma an nuna mana yadda mutum ke gudun labarin da zuciyarsa ta riga ta sani. Amma a kashi na shida marubucin ya shiga aikin wanke Kaikeyi. Aka bayyana wa Bharata cewa Dasharatha ya taɓa harbe ɗan wani makaho mai zuhudu bisa kuskure, ya ji ƙarar tulu a ruwa ya zaci giwa ce, uban yaron ya yi masa baki cewa baƙin cikin ɗa ne ajalinsa. Wannan yana cikin Valmiki. Abin da babu a can shi ne cewa Kaikeyi ta ɗauki laifin a kanta da gangan don bakin ya cika, da sanin manyan malaman fada, kuma wai kwana 14 ta so faɗa, ruɗewa ta sa ta ce shekara. Wannan uzuri ba ya shiga hankalina. In suɓutar baki ce, me ya hana ta gyara kafin su Rama su bar gari? Wasan ya yi wa Sita ma irin wannan gata. A wurin Valmiki ita ce ta ƙwallafa rai a kan barewar zinariya, ita ce kuma ta gasa wa Lakshmana baƙar magana har ya bar ta ita kaɗai. A Pratima Ravana ne ya zo da shigar malami ya ce wa Rama irin wannan barewa ce ta fi dacewa da hadayar cikar shekarar mahaifinsa, Lakshmana kuwa dama ba ya gida.

Waɗanda suka biyo baya sun zarce haka. A wasan Mahaviracharita na Bhavabhuti, wazirin Ravana mai suna Malyavan shi ke kitsa komai, kuma dodanniya Shurpanakha ce ta shiga siffar Manthara ta kawo saƙon bogi da sunan Kaikeyi. Rajashekhara, wanda ya rayu a Kanauj wajen shekara ta 900, a dogon wasansa Balaramayana mai kashi goma, ya sa dodanni biyu suka rikiɗa suka zama Kaikeyi da Dasharatha, suka kori Rama masu gidan ba sa nan. Duk wanda ya tashi a gidan da ke da kishiyoyi ya san Kaikeyin Valmiki. Da aka fara kawo mata labarin naɗin Rama murna ta yi, har ta ba Manthara tukuicin abin ado. Sai kuyangar ta zauna ta zana mata yadda rayuwarta za ta koma ranar da kishiyarta Kausalya, mahaifiyar Rama, ta zama uwar sarki. Tsoro ne ya juya ta. Da aka kwashe wannan aka ɗora wa dodanni, gidan Ayodhya ya fita tas, amma labarin ya rasa abin da ya sani game da yadda gida ke rushewa ta ciki.

Vali kuwa kowa da dabararsa. Mayuraja, a wasansa Udattaraghava, ya tsallake batun laɓewar baki ɗaya. Bhavabhuti a Mahaviracharita ya sa Malyavan ya tunzura Vali ya zo ya tari Rama da yaƙi, aka yi gaba da gaba. Abhisheka ne ya ƙi kau da kai: da kisan aka buɗe wasan, Vali ya yi jayayya da wanda ya harbe shi, sannan ya mutu a gaban 'yan kallo, abin da ƙa'idar dandamali ba ta cika yarda da shi ba. Wannan kashi yana raye har yau a Kerala, a cikin Kutiyattam, tsohon salon wasan Sanskrit da hukumar UNESCO ta sa cikin manyan kayan gadon ɗan Adam a 2001. Ana yin sa a gaban doguwar fitilar mai, ana kaɗa wata babbar gangar tagulla da ake kira mizhavu, kuma kashi guda kan ci darare. Marigayi Ammannur Madhava Chakyar ya yi suna da fitowa a matsayin Vali, inda yakan bi fitar rai mataki-mataki ta hanyar sarrafa numfashi. Mai kallon wannan zai tashi da tausayin wanda aka harba, ko me Rama ya faɗa don kare kansa.

Kalidasa, wanda aka fi sa zamaninsa a ƙarni na 4 zuwa na 5, lokacin daular Gupta, ya wuce kisan Vali a baiti guda, da wani kwatance da ya aro daga ilimin nahawu. Wannan ba abin mamaki ba ne a al'adar da nahawu ke gaba da kowane ilimi. Bhatti, wanda ya yi rubutu a Valabhi ta ƙasar Gujarat wajen ƙarni na 7, ya tsara labarin Rama a babi 22 ta yadda baitocinsa za su zama misalan ƙa'idojin nahawun Panini. Ɗalibin zaure da ya haddace Alfiyyar Ibn Malik zai gane hikimar, bambancin kawai shi ne Bhatti labari yake bayarwa, ƙa'idar tana tafe a cikin kalmomin da ya zaɓa. Waƙarsa ta ƙetare teku har tsibirin Java, inda ta zama tushen babban ɓangare na Ramayanar tsohon harshen Javanci. Abin lura a nan shi ne inda ya tsaya: Rama ya dawo Ayodhya, shi ke nan. Haka wasannin Bhasa biyu, haka Rajashekhara, haka Murari a Anargharaghava, duk a naɗin sarauta ko komawa gida suka ajiye alƙalami. Tulsidas ma, da ya fara tasa Ramayanar cikin harshen Awadhi a 1574, bai ba da labarin korar Sita ba. Mafi sauƙin maganin tabo na uku ke nan, a tsaya kafin a kai gare shi.

Manyan biyun, Kalidasa da Bhavabhuti, su ne suka shiga. Raghuvamsha ta Kalidasa waƙa ce mai babi 19 a kan zuriyar sarakunan Ayodhya, daga Dilipa har zuwa Agnivarna, wanda shagala da mata ta cinye. Labarin Rama ya ɗauki babi na 10 zuwa na 15. Daga tafiya daji har mutuwar Ravana, abin da ya ci wa Valmiki littattafai biyar, Kalidasa ya dunƙule shi a babi guda mai baiti ɗari da 'yan kai. Da ya zo korar Sita a babi na 14 sai ya rage gudu. Lakshmana ya kai ta hayin kogin Ganga da sunan ziyarar da ta roƙa, ya faɗa mata umarnin, ta suma. Da ta farfaɗo sai ta ba shi saƙo ya kai. Ta gaida surukanta mata. Mijin kuwa da sarautarsa ta ambace shi, ta ce a tambaye shi ko watsar da matar da ta shiga wuta a gabansa, saboda maganar mutane, ya dace da gidan da ya fito. Sannan ta janye zargin ta mai da shi kan ƙaddararta, ta ce ba don cikin da take ɗauke da shi ba da ba ta ci gaba da rayuwa ba, ta kuma tuna masa cewa kare masu zuhudu wajibin sarki ne, don haka ko a matsayin ɗaya daga cikinsu tana da haƙƙi a kansa. Da Valmiki, wanda shi ma yana cikin labarin, ya tsince ta, Kalidasa ya sa ya faɗa ƙarara cewa yana fushi da Rama duk da manyan ayyukansa. Ƙarshen labarin bai taɓa shi ba: a babi na 15 Sita ta roƙi ƙasa, wadda ita ce mahaifiyarta, ta buɗe ta karɓe ta a gaban taro.

Bhavabhuti ɗan Padmapura ne a yankin Vidarbha, kuma Kalhana, mai tarihin sarakunan Kashmir, ya sa shi cikin mawaƙan fadar Yashovarman na Kanauj, wato farkon ƙarni na 8. Mutumin da ya wanke kowa a Mahaviracharita shi ne ya rubuta Uttararamacharita, wasa mai kashi bakwai wanda gaba ɗayansa a kan tabo na uku yake. A ganina babu wasan Rama da ya kamo ƙafarsa.

An buɗe shi da Lakshmana yana nuna wa Rama da Sita zane-zanen da aka yi na rayuwarsu: aurensu a Mithila, zaman daji, sacewa. Manyan gidan duk sun tafi wata hadaya mai shekara 12, sun aiko wa sabon sarki saƙo ya riƙe yardar talakawa, shi kuma ya amsa cewa ko Sita ce zai iya sadaukarwa a kan haka, ita ma ta yaba masa. Kallon zanen ya gajiyar da ita, ga nauyin ciki, ta yi barci a jikinsa. A wannan hali ɗan leƙen asirinsa Durmukha ya shigo ya raɗa masa abin da ake faɗa a gari. Rama ya yanke hukunci nan take, ba wanda ya yi shawara da shi. Ya zare jikinsa a hankali don kada ta farka, ya ɗora ƙafafunta a kansa yana kuka, ya fita. Ta farka ta ga ba ya nan, ta hau karusa tana zaton yawon buɗe ido za a kai ta. Bhavabhuti bai kawo dodo ba a nan, bai kawo tsinuwa ba. Laifin ya bar shi a hannun mai shi.

Kashi na uku shi ne zuciyar wasan. Shekara 12 sun wuce, wani aiki ya kai Rama dajin Panchavati inda suka taɓa zama. Kogin Ganga, wadda a wasan mace ce mai magana, ta ji tsoron kada baƙin ciki ya kashe shi a can, sai ta aika Sita wurin, ta sa ido ba ya ganinta, tare da rakiyar wani kogin, Tamasa. Rama yana zaton namun daji sun cinye ta tuni. Yana yawo yana ganin ɗan giwar da ta raina ya girma har ya yi mata, ɗawisun da ta saba wasa da shi yana kan itacen da ta shuka. Vasanti, aljanar dajin kuma tsohuwar ƙawar Sita, ta tare shi tana nuna masa wuraren ɗaya bayan ɗaya. Ta fara maimaita masa kalaman soyayyar da ya saba yi wa matarsa, ta kasa ƙarasawa. Da ta tambaye shi dalili ya ce mutane ne ba su yarda ba, sai ta ce masa in suna yake karewa, wane ɓacin suna ya fi wannan. Rama ya suma, Sita ta taɓa shi ya farfaɗo, ya gane taɓawar amma bai ga kowa ba, har ya fara shakkar hankalinsa. A nan ta ji cewa bai sake aure ba, mutum-mutuminta na zinariya ya ajiye a gefensa wajen hadayar doki. Abin da wannan kashi ya yi shi ne ya ba matar da aka zalunta damar ganin abin da hukuncin ya yi wa wanda ya yanke shi, ba tare da ya san tana kallo ba, balle a ce don ita yake yi. Sulhun ya fara a zuciyarta tun kafin su haɗu.

Akwai inda nake da ja. A dandamalin Sanskrit sarakuna da malamai ke magana da Sanskrit, yawancin mata kuwa da Prakrit, kuma manyan baitoci a bakin masu Sanskrit suke. Sitar Bhavabhuti ba ta tuhumi mijinta da bakinta yadda ta Kalidasa ta yi ba. An raba tuhumar ga wasu: Vasanti, da mahaifinta Janaka wanda a kashi na huɗu ya fusata har ya ambaci baka da tsinuwa, da ita ƙasa. Ita kuwa har kare shi take yi in Vasanti ta matsa masa. An faɗi gaskiyar duka, amma mai ita ba ta cikin masu faɗa.

A kashi na biyar ne Bhavabhuti ya koma kan abin da ya binne a wasansa na farko. Lava, ɗaya daga tagwayen Sita da suka tashi a hannun Valmiki ba su san ubansu ba, ya kama dokin hadaya, faɗa ya haɗa shi da Chandraketu ɗan Lakshmana. Da aka yi masa kurari da sunan Rama, sai yaron ya lissafo abubuwa uku: kashe mace, wato dodanniya Tataka, ja da baya taku uku a yaƙi da dodo Khara, da irin dabarar da aka yi wajen kashe Vali. Marubucin da ya taɓa sauya wannan kisa ya mai da shi fito-na-fito, yanzu ya sa ɗan Rama na cikinsa yana goranta masa shi.

Sai ƙarshe, inda ya saɓa wa Valmiki. A kashi na bakwai Valmiki da kansa ya shirya wasa a bakin Ganga, ya gayyaci Rama da mutanen Ayodhya su zauna su kalla. Wasan cikin wasan ya nuna abin da ba su gani ba: Sita ita kaɗai cikin naƙuda ta faɗa kogi, ta haihu a ruwa, ƙasa da Ganga suka tallabo ta kowacce riƙe da jariri. Ƙasa ta lissafa duk abin da Rama ya take, tun daga hannun da ya riƙe suna yara har shaidar wuta. Rama ya manta wasa ne, ya suma. Sai Sita ta gaske ta fito daga kogin, Arundhati matar babban malamin fada ta juya ga mutanen gari ta tsawata musu, ta tambaye su ra'ayinsu, suka sunkuyar da kai. Aka haɗa miji da mata da 'ya'ya.

Ana iya cewa ƙa'ida ce ta tilasta masa, tunda nataka ba ya ƙarewa da baƙin ciki, kuma wani wasan, Kundamala, shi ma da haɗuwa ya ƙare. Anandavardhana ya lura cewa tausayi shi ne ɗanɗanon da ya ratsa Ramayana har zuwa rabuwar ƙarshe da Sita, don haka sauya ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya ƙwace wa Sita aikin da ta yi da zaɓin kanta, wato ƙin komawa. Duk da haka ba na sa wannan gyara a sahun suɓutar bakin Kaikeyi. Bhasa ya ce ba a yi laifin ba. Bhavabhuti ya ce an yi, ya sa mai laifin ya ɗanɗana shekara 12, sannan ya gurfanar da masu tsegumin, waɗanda a wurin Valmiki babu wanda ya tuhume su, ya tilasta musu kallon abin da harshensu ya jawo.

Akwai tabo na huɗu da ban lissafa a farko ba. Aikin da ya kai Rama dajin a kashi na biyu na Uttararamacharita shi ne kashe Shambuka. A littafi na bakwai na Valmiki, ɗan wani Brahmin, wato mutumin rukunin malamai, ya mutu da ƙuruciya, aka ce dalili shi ne wani Shudra, ɗan rukunin ƙasa a cikin rukunan al'umma huɗu, yana zuhudun da ba a halatta masa ba. Rama ya nemo shi ya sare masa kai, yaron ya tashi. Kalidasa ya kawo labarin, ya ce hukuncin ya kai Shambuka ga babban rabo. Bhavabhuti ya ji nauyin abin, domin ya sa hannun Rama ya yi jinkiri, har sai da ya tuna wa hannun cewa jikin da ya kori mace mai ciki ba shi da ta cewa a batun tausayi. Amma ya sare shi, Shambuka kuma ya tashi a siffa mai haske yana godiya. Marubutan da suka kasa jure ganin sarauniya ta yi kishi sun jure wannan, kuma yawancinsu daga rukunin da dokar ke karewa suka fito. A 1944 Kuvempu, marubucin harshen Kannada, ya yi amfani da irin izinin da Dhananjaya ya bayar, a wasansa Shudra Tapasvi. A can Rama ya saki makaminsa ya umarce shi ya nemi mai laifi. Makamin ya je gaban Shambuka ya rusuna, ya juyo kan Brahmin ɗin da ya kawo ƙara, kuma ɗansa bai tashi ba sai da ya girmama mai zuhudun.